Intanet Ta Kebul Tana Jan Ƙafa a Kwamfutar da Na Haɗa da Hannuna: Tambayoyi da Amsoshi

Aikina haɗa kwamfuta da gyara ta, a wani ɗan shago a Nima. A da tsohuwar inji ake kawo min in duba. Yanzu samarinmu na zango da kansu suke sauka Circle, su kutsa Tip Toe Lane, su sayi madabod, wato babban allon da ake ɗaura sauran kayan inji a kansa, a wannan shago, furosesa a wancan, su koma ɗaki su ɗaure komai da hannunsu. Wallahi abin yana faranta min rai. Sai dai da yawansu bayan kwana biyu sukan dawo min da kuka iri ɗaya: inji ta tashi lafiya, an cusa kebul daga rawuta, wato akwatin da ke raba intanet a gida, amma intanet kamar ana jan ta da igiya.

Abin da ke ci min rai shi ne, kafin su iso wurina wasu sun riga sun zubar da kuɗi. Wannan ya sayi sabon rawuta, wancan ya sake madabod, wani ma har ya bar kamfanin da yake sayen intanet a wurinsu, alhali ciwon yana cikin kan kebul wanda kuɗinsa bai kai na farantin waakye ba. Shi ya sa na tattara tambayoyin da aka fi yi min, na jera su yadda ni kaina nake bin aikin idan an ajiye min inji a kan tebur. Lambar da kake gani a allo shaida ce. Ka koyi karanta ta kafin ka taɓa aljihunka.

Masta, megabit 100 nake biya, amma idan ina sauke fayil 11 ko 12 nake gani. An cuce ni ne?

Ba a cuce ka ba, ma'auni biyu ka haɗa. Kamar a auna gero da gwangwanin madara ne, wani kuma ya auna da olonka: geron ɗaya ne, lissafin ya bambanta. Kamfanonin intanet da megabit suke sayarwa, wato Mbps mai ƙaramin b. Burauza da manhajojin sauke fayil kuwa da megabait suke ƙirga, wato MB/s mai babban B. Bit takwas ne ke cikin bait ɗaya. Ka raba 100 da 8, ka sami 12.5, sannan ka cire ɗan abin da adireshi da bayanan tsaro na kowane ƙunshi suke ci, sai ka dawo wajen 11 da rabi. In haka kake gani, layinka yana ba ka haƙƙinka cif, ka kwantar da hankalinka.

To idan da gaske yana jan ƙafa, daga ina zan fara?

Daga gudun da kwamfutar da rawuta suka amince a tsakaninsu. Duk lokacin da ka cusa kebul, na'urorin biyu sukan yi ciniki cikin 'yan daƙiƙu: ni ina iya kaza, kai fa? Sai su tsaya kan mafi girman gudun da dukansu za su iya a kan wannan kebul ɗin. Abin da suka tsayar shi ne rufin ɗakinka, ba za ka taɓa wuce shi ba ko da kamfani ya ba ka teku guda.

A Windows ka danna maɓallin Windows tare da R, ka rubuta ncpa.cpl, ka danna sau biyu a kan Ethernet, ka dubi layin da aka rubuta Speed. Mai Linux ya rubuta ethtool da sunan katinsa, wato ɓangaren kwamfuta da kebul ke shiga. Idan ka ga 1.0 Gbps, wato gigabit ɗaya ko megabit 1000, to hanyar tsakaninka da rawuta a buɗe take. Idan ka ga 100 Mbps a kan madabod na zamani, ka kama ɓarawon tun kafin ka yi nisa.

Akwai lambobin da na haddace saboda yawan ganinsu. Gwajin gudu da ke tsayawa cak a 94 ko 95, safe da dare, ba ya hawa ba ya sauka, wannan haɗin megabit 100 ne a wani wuri a hanya. Wanda ke tsayawa wajen 940, wannan cikakken gigabit ne, ba abin da ya rage. Wanda ke tsayawa wajen 9, haɗin ya faɗo har megabit 10. Gudun da ke hawa yana sauka kamar zazzaɓi kuwa, yau 200 gobe 30, maganarsa daban ce, za mu zo kanta.

Yaya, madabod ɗina na gigabit ne, rawuta ma haka, me ya sa suka tsaya a 100?

A nan zan daɗe, domin a nan yawancin matsalar take. Ka ɗaga kan kebul ɗinka ka haska shi da fitilar waya. Za ka ga ƙananan wayoyi takwas, kowace ta shige ƙarƙashin haƙorinta na ƙarfe mai ruwan zinare. A cikin kebul ɗin an murɗe su biyu-biyu, tagwaye huɗu ke nan. Tsohon tsarin megabit 100 tagwaye biyu kawai yake amfani da su, wato haƙori na 1, na 2, na 3 da na 6. Tsarin gigabit a kan wayar jan ƙarfe, wanda aka tabbatar da ƙa'idarsa a 1999, yana buƙatar dukan takwas ɗin, ba ya yafe ko ɗaya.

Ka ga inda tarkon yake? Idan waya ta 4, ko ta 5, ko ta 7, ko ta 8 ta tsinke, ko ba ta taɓa haƙorinta sosai ba, intanet ba za ta ɗauke ba. Fitila za ta kama, shafi zai buɗe, WhatsApp zai yi aiki. Katin zai gwada gigabit sau kaɗan, ya ga abin ya ƙi, sai ya sauko 100 shiru bai gaya maka ba. Da a ce ɗaukewa take yi gaba ɗaya da kowa ya gane kebul ne. Amma tunda tana aiki rabi-rabi, sai mutum ya riƙa zargin komai ban da kebul.

Akwai wani yaro mai aikin tace bidiyon bukukuwa a Maamobi da ya kira ni gidansu. Gidan haya ne mai ɗakuna a jere, rawuta yana ɗakin yayansa, shi kuma ya ja kebul ta tsakar gida zuwa nasa ɗakin. Ya sake direba, wato manhajar da ke sa Windows ta iya aiki da katin, sau uku, ya sake ɗora Windows, har ya fara tunanin mayar da madabod. Na bi kebul ɗin da yatsuna tun daga rawuta, taku bayan taku. Da na iso bakin ƙofarsa sai na ji wurin ya baje kamar an taka rake. Ƙofar ƙarfe ce, kullum in an rufe ta sai ta danne kebul ɗin a wuri ɗaya. Fatar waje ko tsagewa ba ta yi ba, amma da na yanka na buɗe, wayar nan mai ruwan ƙasa ta rabu biyu a ciki. Muka yanke wurin, muka huda katakon taga muka bi da shi ta can, na matsa sabon kai. Kafin in tattara kayana allon ya nuna 1.0 Gbps.

Saboda haka gwajin farko ba ya cin ko fesuwa: ka ɗauki kwamfutar ka kai ta kusa da rawuta, ka haɗa su da gajeren kebul na kamfani wanda ka tabbatar da lafiyarsa, irin wanda ke zuwa cikin kwalin rawuta. Amma ka duba shi ma, domin wasu kebul ɗin cikin kwali wayoyi huɗu kacal gare su. In gajeren ya ba ka gigabit, dogon ne mai laifi. Ka bi shi ka duba inda ƙofa ta danne, inda ƙusa ta huda, inda ɓera ya ciza, da inda aka lanƙwasa shi da ƙarfi a kusurwar bango.

Na sa testa, duk fitilu takwas sun kama a jere. Ashe ba kebul ba ne ke nan?

Ba lallai ba, ƙanena. Wannan ƙaramar testa mai fitilu abu ɗaya take tambaya: wuta tana wucewa daga wannan kai zuwa wancan? Ba ta san komai game da murɗin wayoyi ba, alhali murɗin nan shi ne ke kare saƙo daga hayaniyar lantarki.

Kuskuren da na fi gani a hannun masu koyo shi ne jera tagwaye a gefen juna: ruwan lemo biyu, kore biyu, shuɗi biyu, ruwan ƙasa biyu. A ido ya yi kyau, kuma in ka yi haka a kai biyun testa za ta ce lafiya lau. Amma haƙori na 3 da na 6 dole su zama tagwaye ɗaya, haka na 4 da na 5. Jerin da aka fi bi, mai suna T568B, ga shi daga hagu zuwa dama idan haƙoran suna kallonka kuma maƙallin yana ƙasa: fari da ruwan lemo, ruwan lemo, fari da kore, shuɗi, fari da shuɗi, kore, fari da ruwan ƙasa, ruwan ƙasa. Ka lura yadda korayen suka rabu suka sa shuɗayen a tsakiya. Wannan ba ado ba ne.

Kebul mai jerin banza yana iya yin aiki a mita biyu ko uku, amma in ya yi tsawo sai saƙonni su riƙa lalacewa a hanya ana sake aiko su, gudu ya yi ta hawa da sauka. Abu na biyu, kada ka warware murɗin fiye da milimita 13 a wajen matsa kai, kuma fatar kebul ɗin ta shige cikin kan har filaya ta danne ta. Idan kana hango wayoyi tsirara a bayan kai, a sake shi.

Wane kebul zan saya? An ce min sai Cat 8.

Ba ka buƙatarsa. Cat5e na ƙwarai yana ɗaukar gigabit har mita 100, har ma gigabit biyu da rabi. Cat6 yana ɗaukar gigabit 10 zuwa wajen mita 55, Cat6a kuma zuwa mita 100. A gida Cat6 ya isa ya yi yawa.

Abin da ya fi lambar da aka buga a jikin fata muhimmanci shi ne ƙarfen da ke ciki. Kasuwa cike take da kebul na alminiyam da aka shafa wa jan ƙarfe a waje, ana kiransa CCA, wani lokaci ma ba a rubuta hakan a kwali. Alminiyam bai kai jan ƙarfe ɗaukar wuta ba, kashi 60 da ɗoriya cikin 100 kawai yake iyawa, kuma yana saurin karyewa in an lanƙwasa shi. Kafin ka biya, ka roƙi mai shago ya yanko maka ɗan guntu. Ka fere waya ɗaya ka kankare ta da reza: in ciki ya fito fari, alminiyam ne. Ko ka kara mata wutar laita. Jan ƙarfe zai yi ja ya tsaya a miƙe, alminiyam kuwa zai langaɓe nan take. Mai shagon kirki ba zai ji haushin wannan gwaji ba.

In kuma kebul zai bi waje, ka sa shi cikin bututun roba ko ka sayi baƙin nan da aka yi don waje. Ranar Accra tana gasa fatar kebul na cikin ɗaki har ta riƙa farfashewa, damina ta zo ruwa ya shiga. Kada kuma ka ɗaure shi jiki da jiki da wayar wutar gida a tafiya mai tsawo.

Na sake kebul, har yanzu 100 ne.

To ka dubi abin da ke ɗaya ƙarshen. Rawutoci masu araha da yawa, da wasu na sim, ramukansu na megabit 100 ne ko da an buga manyan lambobi a kwali, domin lambobin nan na Wi-Fi ne. Ka juya rawutan ka karanta lambar samfurinsa ka bincika: in an rubuta 10/100 ko Fast Ethernet, iyakarsa ke nan. Haka duk wani siwic ko tsohon rawuta da aka sa a tsakiya don ƙara ramuka. Na'ura ɗaya mai 100 a hanya ta isa ta mayar da duk wanda ke bayanta 100. Ka kuma gwada wani ramin a rawutan, domin ɗaya yakan mutu sauran suna lafiya.

Sai ramin kwamfutar kanta, kuma a nan akwai abin da masu haɗa inji da hannu kaɗai yake samu. Farantin nan na ƙarfe da ake maƙalawa a bayan akwati kafin a sa madabod yana da 'yan harsuna da ya kamata su kwanta a saman ramuka. In ba a lura ba wajen tura madabod, harshe ɗaya yakan shige cikin ramin kebul ya hana kai zama daidai. Ka kashe inji, ka haska ciki. Ka duba ko wani haƙori ya lanƙwashe ko ya hau kan ɗan'uwansa. Ƙurar hunturu tana taruwa a ciki, iskar teku kuma tana sa haƙora tsatsa, musamman kayan da aka daɗe da ajiyewa a shago. Busa da ɗan buroshi mai laushi sukan wadatar.

Wani ya ce in shiga saiti in tilasta wa katin 1.0 Gbps. In yi?

A'a. Ka bar Speed & Duplex, da ke cikin saitin katin, a kan Auto Negotiation. Gigabit ba ya tashi sai da wannan cinikin, kuma tilastawa ba ta ɗinke wayar da ta tsinke. Abin da ya kamata ka duba shi ne ko wani ya riga ya kafe shi a 100 tun da. In an kafe gefe ɗaya an bar ɗayan yana ciniki, sukan saɓa kan ko za su yi magana lokaci guda ko bi da bi, sai gudu ya lalace fiye da yadda kake zato.

Masta, ni nawa 1.0 Gbps yake nunawa, amma gwaji 150 yake ba ni a layin 300.

Yanzu sai mu raba gida da waje. Tambayar ita ce: jinkirin a cikin ɗakinka yake, ko daga rawuta zuwa duniya? Hanya mafi sauƙi, ka zare kebul ɗin daga injinka ka cusa shi a laftof ɗin wani, ka yi gwaji a saba ɗaya, wato kwamfutar can nesa da ake auna gudu da ita, a lokaci ɗaya. In laftof ya ba da 300, injinka ce. In shi ma 150 ne, ka bar injinka ta huta.

Hanyar da na fi yarda da ita kuwa ita ce wata ƙaramar manhaja ta kyauta mai suna iperf3, wadda ke auna gudu tsakanin kwamfutoci biyu a gida ɗaya ba tare da ta taɓa intanet ko faifan ajiya ba. Ka haɗa dukansu da rawuta ta kebul. A ta farko ka rubuta iperf3 -s, a ta biyu ka rubuta iperf3 -c da adireshin ta farkon, irin mai farawa da 192.168. In Windows ta tambaya ko ta bar shi ya wuce, ka yarda, ta ƙofa mai lamba 5201 yake bi. Sannan ka maimaita ka ƙara -R a ƙarshe don a auna ɗaya ɓangaren. Idan ka ga wajen 940 gaba da baya, katinka da kebul ɗinka da direbanka duk sun fita daga zargi. Ba ƙaramin sauƙi ba ne ka san inda ba sai ka sake dubawa ba.

Idan injina ce, me zan taɓa?

Direba tukuna. Windows tana ɗora wanda ta samu don ka iya shiga intanet, ba lallai ya zama sabo ba. Ka buɗe Device Manager ka ga sunan katin. Yawancin madabod ɗin da ke zuwa hannunmu Realtek ne a kansu, irin su RTL8111 na gigabit da RTL8125 na biyu da rabi, wasu kuma Intel. Ka sauko da direba daga shafin kamfanin madabod ɗin ko na mai katin, ban da manhajojin nan masu cewa za su sabunta maka komai da dannawa ɗaya. Ka ɗora na cipset ma, wato direban madabod ɗin kansa, sabbin masu haɗa inji suna yawan mantawa da shi.

Sai saitin tsimin wuta. A shafin Advanced na katin za ka ga Energy Efficient Ethernet, a na Realtek kuma har da Green Ethernet da Gigabit Lite da Power Saving Mode. An yi su da kyakkyawar niyya, don kati ya ɗan yi gyangyaɗi in ba aiki, amma ba kowane rawuta ne yake fahimtar wannan gyangyaɗin ba. Ka kashe su ɗaya bayan ɗaya kana gwadawa. Masu katin Intel I225-V da I226-V su fi kowa kula da wannan: an san fitowar farko ta I225-V da matsala a gudun biyu da rabi, kuma Intel da kansa ya ba da shawarar kashe Energy Efficient Ethernet ga waɗanda I226-V ke yanke musu.

Ina roƙonka, abu ɗaya za ka sauya a lokaci guda, ka gwada, ka rubuta a takarda. Wanda ya juya saiti goma a zama ɗaya, ko ya gyaru bai san me ya gyara ba, in ya ƙara lalacewa kuma bai san hanyar komawa ba.

Na ɗora manhajar ƙara gudun intanet da ta zo da madabod. Tana taimakawa?

Cire ta ka gwada. Irin waɗannan manhajoji suna zama tsakanin katin da Windows suna tantance wane saƙo zai riga wucewa, kuma sau da yawa na ga gudu ya dawo daidai da zarar an cire su. Haka VPN da aka manta a kunne, da wasu manhajojin kashe bairos masu leƙa duk abin da ya shigo. Ka kuma buɗe Task Manager ka ga ko wani abu yana shan layin a ɓoye, domin sabuwar inji takan kwana biyu tana sauke sabuntawar Windows da na wasanni.

Akwai saiti ɗaya da masu bin shawarwarin bidiyo suke kashewa su jawo wa kansu. Ka buɗe Command Prompt da ikon mai gida, wato Run as administrator, ka rubuta netsh int tcp show global, ka dubi layin Receive Window Auto-Tuning Level. Ya kamata ya ce normal. In ya ce disabled, ka mayar da shi da netsh int tcp set global autotuninglevel=normal. Ga dalili. In an kashe shi, kwamfutarka ba ta karɓar fiye da kilobait 64 kafin ta aika da amsar cewa sun iso. Tsakanin Accra da Landan, zuwa da dawowa yana cin kusan kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa. Sawu goma ke nan a daƙiƙa, kowane da kilobait 64, wato wajen megabit 5 kacal, ko da layinka na 500 ne. Mu da yawancin abin da muke saukewa daga nesa yake zuwa, wannan saitin ya fi yi mana illa fiye da mutanen Turai.

In duk ka bi waɗannan abin ya ƙi, ka sa Ubuntu, wani nau'in Linux, a filasha ka tashi injin daga kanta ba tare da ka ɗora ba, ka yi gwaji. In gudu ya cika a can, ƙarfenka lafiya yake, Windows ɗinka ce ke da damuwa.

Malam, ni intanet ba ta dame ni ba. Kwafe hotunan aiki daga wannan kwamfuta zuwa waccan ne ke cinye min yini.

Hajiya, a nan sau da yawa ba layin ba ne, faifan ajiya ne. Gigabit yana iya kai megabait 110 da 'yan kai a daƙiƙa, tsohon faifai mai juyawa kuwa, musamman ƙaramin na laftof, da ƙyar yake biye masa, in ya kusa cika ma sai ya ƙara sanyi. Ga kuma yawan fayil: babban bidiyo ɗaya yana wucewa da gudu, amma ƙananan hotuna dubu biyar kowane sai an buɗe masa shafi an rufe. Ki dunƙule su cikin zip ɗaya kafin ki tura, za ki ga bambanci. In da hali a sa SSD a ɓangarorin biyu, ko na SATA ma yana kai wajen megabait 550.

Gwaji yana cika idan na zaɓi sabar Accra, amma saukewa daga waje yana jan jiki, musamman da dare.

Wannan ya wuce ɗakinka. Gudun da aka sayar maka na tsakaninka da kamfani ne, abin da ke bayan nan hanya ce da kowa ke bi. Bayan sallar isha'i kowa ya dawo gida ya kama kallo, dole a ji nauyi. Mai ba ka fayil ɗin ma yana iya taƙaita gudun kowane mai saukewa.

Kowa a nan ya ɗanɗana wannan a ranar 14 ga Maris 2024, a kwanakin farko na azumi, lokacin da manyan kebul huɗu na ƙarƙashin teku, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma. A makon nan mutane sun yi ta kawo min injuna lafiyayyu a duba musu, alhali ciwon yana can ƙasan teku. Shi ya sa kullum nake cewa a yi gwaji biyu, ɗaya a sabar gida, ɗaya a ta Turai, a ajiye sakamakon.

Tun ranar da aka yi tsawa aka ɗauke wuta, gudun bai dawo ba.

Fara da kashe komai. Ka zare rawuta daga wuta, ka kashe kwamfutar ka zare wayarta daga bango, ka danne maɓallin kunnawa na rabin minti, sannan ka mayar. Katin yana samun 'yar wuta ko inji tana kashe, don haka wani lokaci yakan maƙale a wani hali har sai an yanke masa wutar gaba ɗaya. Bayan dumsor wannan kaɗai yakan warware matsalar.

In bai dawo ba, mai yiwuwa tsawa ta taɓa ramin. Dogon kebul da ya ratsa tsakar gida ko ya bi ta rufin kwano yana kwaso ƙarfin tsawa ko ba a kansa ta faɗa ba, kuma na sha ganin ramin da ya ƙone rabi: yana haɗawa a 100, gigabit kuwa ya tafi ke nan. Idan hadari ya haɗo, zare kebul ɗin da ya fita waje ya fi kashe soket kawai.

Madabod ɗina na gigabit 2.5 ne, me ya sa 1.0 yake nunawa?

Domin rawutanka na gigabit ɗaya ne, kuma daidai ke nan. Sai ɓangarorin biyu sun iya kafin a hau. In layin da kake biya bai kai gigabit ba, ba abin da ka rasa.

Yaushe zan kira kamfani, yaushe kuma zan sayi sabon kati?

Ka kira kamfani idan iperf3 ya nuna cikin gida lafiya, kuma na'urori biyu daban-daban, ta kebul kai tsaye daga akwatinsu, an cire kowa daga Wi-Fi, sun ba da gudu ƙasa da abin da kake biya a sabar Accra. Ka ɗauki hoton allo safe da rana da dare na kwana biyu ko uku. Wanda ya kira da lambobi a hannu ana saurarensa daban da wanda ya ce kawai intanet ba ta gudu. Ka tambaye su su tabbatar da ƙunshin da aka sa wa layinka, domin akan ƙara wa mutum ƙunshi a takarda a manta ba a sauya a na'ura ba. In an yi ta kai da kawowa ba gyara, hukumar sadarwa ta ƙasa, NCA, tana karɓar ƙorafin masu saye.

Sabon kati kuwa sai in kebul mai kyau da ramin rawuta mai kyau sun ba wata kwamfuta gigabit, taka kuma ta tsaya a 100 a Windows da Ubuntu duka. A nan ramin madabod ya tafi, amma ba sai ka sake madabod ba. Ƙaramin katin gigabit na PCIe zai zauna a gajeren ramin nan da ke ƙasan katin hoto, ka ɗaure shi da noti ɗaya, ka shiga BIOS, wato saitin madabod da ake shiga lokacin kunna inji, ka kashe tsohon. In na USB za ka saya, ka tabbata an rubuta gigabit da USB 3.0 a jikinsa, kuma ka cusa shi a ramin USB 3, wanda galibi cikinsa shuɗi ne. A ramin USB 2.0 iyakarsa megabit 480 a takarda, a aikace ma bai kai haka ba. Kafin ka bar shagon, ka sa mai sayarwa ya cusa shi a laftof ɗinsa da kebul, ka ga 1.0 Gbps da idonka.